Sandar jirgi ba madubi ba ce, jama'a

To, an gama gasar ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, an raba kyauta, kowa ya tafa. Ni ma na tafa, don kada a ce hassada ce. Amma tun da na ga wanda aka ba na ɗaya nake ta haɗiye maganar, yau dai ta ƙi haɗiyuwa. Alƙalai masu ido biyu-biyu suka dubi ɗan kan jirgin tururi da aka yi wa baƙin hayaƙi a bututu, toka a gindin tukunya, tsatsa a taragon kwal, ga kuma sandunan ƙafafunsa suna walƙiya kamar sabon kwanon rufi da tsakar rana, suka ce wai shi ya fi kama da na gaske. Madalla. Allah ya ƙara basira.

Ba da maginin nake ba, yaro ne mai hannu, kuma ya sha aiki. Da waɗanda suka ɗaure wa abin gindi nake. Gogaggen ƙarfe ba fari ba ne. Duhu gare shi. Launinsa toka-toka ne mai zurfi, haske kuma a gefe yake kamawa da inda hannu ko tsumma ya yawaita shafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da kan jirgin tururi yana huci ya san haka. Sandar da ke haɗa ƙafafu, da wadda ke tasowa daga fistan, da tarkacen sandunan nan masu buɗe wa tururi hanya da rufe ta, na tsarin Walschaerts da ake amfani da shi tun ƙirƙirarsa a 1844, dukkansu cikin mai suke kwana, cikin mai suke tashi. Man nan yana ba su wani ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, ƙura ta hau, a goge, ta sake hawa. Ina farin azurfa ya shigo a nan?

Ku bari in faɗa muku abin da ke cikin gwangwanin fentin azurfar da kuke ji da shi. Ɓarɓashin alminiyam ne ke iyo a cikin ruwan fenti. A jikin ƙofa ko keke ba wanda zai lura. Amma mu a ma'aunin HO muke aiki, kashi 1 cikin 87, ko OO, kashi 1 cikin 76. Duk abin da ka ɗora a jikin ɗan jirgin nan, ido ninka shi yake yi. Ƙwayar da ba ta wuce kashi 1 cikin 20 na milimita ba, idan ka ninka ta sau 87 ta haura milimita 4. Wane maƙeri ne ya taɓa fitar da sanda mai ƙuraje haka? Shi ya sa kome tsadar kyamara, da an matso sai abin ya tona kansa: yashi-yashi, ƙyal-ƙyal, ba ƙarfe ba.

Na san abin da za a ce. "Ai daga nesa ba a gani." To me ya kai ka manna bututu mai kaurin gashi a jikin tukunya, tunda daga nesa ba a gani? Wani kuma zai jefo min hoton Mallard, shahararren kan jirgin tururin nan na Ingila, wai ga shi nan yana sheƙi. Mallard da ya yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli 1938 yanzu a gidan tarihin jiragen ƙasa na York yake zaune a inuwa, ana share shi, ba ya shan ƙura. Kuma ko shi ɗin, ku dubi sandunansa da kyau, toka-toka ne masu santsi, ba madubi ba. Masu cewa "jirgina ne, yadda na ga dama zan yi" kuwa, gaskiyarku. Sai dai a daina kai shi gasar kama da gaske.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri kawai yake so. Sheƙin ƙarfe daga santsin jikinsa yake fitowa, ba daga abin da aka shafa masa ba. Yawancin sandunan da ke zuwa cikin kayan harhaɗa ɗan jirgi da gaurayen jan ƙarfe da nikel da tutiya ake yin su, kuma wannan ba ya buƙatar fenti ko ɗigo. Ka ja magagari mai laushi a tsawon sandar, ba a kwance ba, don layin gugar ya bi tsawo kamar yadda yake a na gaske. Ka bi da samfefa lamba 600, sannan 1200, sannan 2000. Ka wanke maiƙon hannunka tas. Daga nan ka shafa ruwan baƙanta ƙarfe, irin na Carr's ko Birchwood Casey, ka ɗauraye da ruwa, ka bar shi ya bushe. Zai yi baƙi har ranka ya ɓaci. Kada ka damu. Ka ɗauki tsumma ko buroshin zaren gilashi ka riƙa murzawa a hankali, gefuna su fito da haske, kwarin tsakiyar sandar da kewayen kusoshi su riƙe duhunsu. A daidai nan abin yake zama ƙarfe a idonka, wallahi har nauyi za ka ga ya yi. Ku sa safar hannu, don ruwan nan guba ne. Kuma idan sandunan kamfani ne da aka yi wa rufin nikel, a sassauta hannu, kana zurfafa guga za ka ci rufin.

Idan roba ce ko wani abin da ba ya karɓar baƙi, nan ma akwai hanya. Fentin Humbrol Metalcote lamba 27003 idan ya bushe dusu-dusu yake fitowa, sai ka murza shi da tsumma mai laushi sheƙin ya taso daga ciki. Masu bindigar feshi suna da fentin Alclad II, amma sai an fara shimfiɗa baƙin fenti mai santsi sosai, sannan a yi feshi sama-sama da iska kaɗan. Baƙin da ke ƙasa shi ke ba da zurfin, kana cika feshi ka binne shi ka koma gidan jiya. Wanda ba shi da ko ɗaya, fensir ma ya isa. Ka goga bakin 4B ko 6B a samfefa, ka ɗebi garin da yatsa ko auduga, ka murza a kan baƙin fenti. Sai dai garin fensir yana ɗaukar lantarki, haka ma Neolube, wani ruwan shafawa mai irin wannan garin, ga shi ɗan jirgin da lantarki yake tafiya, don haka a nisanta su da inda aka raba ƙafa da gatarinta don kada wuta ta haɗu. A ƙarshe ɗan ɗigon fentin Tamiya X-19 mai launin hayaƙi da aka tsinka, da ƙyas na X-26 mai ruwan lemo a mahaɗai, ga man inji ya fito. Kada kuma wani ya zo ya fesa banish mai kashe sheƙi a kai, duk wahalar ta tashi a banza.

Kun ga ko'ina a bayanin nan daga duhu ake farawa a nemo haske. Su kuwa daga fari suke farawa, su tsaya a fari, a ba su kofi.

Har da masu fesa azurfar a kan fuskar ƙafar da ke taka dogo, inda jirgin ke shan wuta, sannan su zo suna tambayar me ya sa yake tsayawa a kan hanya. Garin neman gira an rasa ido.

Af, tunda na ambaci taragon kwal. Wa ya ce muku wannan curarren tudun robar da kamfani ke sakawa kwal ne? Ku samo kwal na gaske ɗan guntu, ku naɗe a tsumma, ku daddaka da guduma, ku tankaɗe, ku zuba a kai da gam ɗin katako da aka tsinka da ruwa. Kuma a rage tudun ta gaba, inda mai zuba wuta ke ɗiba da shebur. Jirgin da ya yi tafiya har ya yi wannan dattin, a ce ko shebur ɗaya ba a taɓa ba? Da me ya taho, da addu'a?