Bidiyo yana koya wa ƙafa, amma ba ya koya wa hannu

Wata huɗu ke nan ni da uwargidana muna koyon rawar Turawa ta bibbiyu, wadda ake kira bolrum, a falonmu da ke unguwar Nima a Accra, kuma malaminmu bai wuce wayar da muke jinginawa da fulas ɗin shayi ba. Tun da abokai suka ji labari suke tambayata ko abin yana yiwuwa. Yana yiwuwa, amma rabinsa kawai.

Da salon da ake kira wals muka fara, domin ƙirgenta ɗaya, biyu, uku ne. Namiji ya tako gaba da ƙafar hagu, mace ta ja baya da ta dama, a matsa gefe, a haɗe ƙafafu, sannan a juya tsarin, ta yadda taku shida za su zana murabba'i a ƙasa. A wannan fanni bidiyo ya fi malami haƙuri, tun da a YouTube kana iya rage saurinsa zuwa rabi, ka maimaita sau ashirin ba wanda zai yi maka tsaki. Sai dai idan malamin yana fuskantarka, hagunsa tana ɓangaren damanka, kuma mako guda na yi ina tattaka yatsun matata kafin in gane haka, har ta ce, "Maigida, rawa muke koyo ko sussuka?" Daga ranar ba ma kallon bidiyo sai wanda aka ɗauka ta bayan malami.

Inda bidiyo ya gaza shi ne jagora. Hannun daman namiji yana kan allon kafaɗar mace, kuma ta wurin ƙirjinsa da wannan hannu ya kamata ta ji inda za a nufa tun kafin ƙafa ta motsa. Wannan abu ne da jiki yake ji, ido ba ya ɗaukarsa daga allon waya, kuma wayar ba ta ganinka balle ta ce ka ɗaga kai. Ranar da muka ɗauki kanmu da wata wayar, sai na ga kaina a duƙe kamar mai neman tsabar pesewa da ta faɗi. Ga kuma ƙarancin wuri: salon fokstirot da na kwikstep an tsara su ne don a zagaya babban zaure, mu kuwa taku huɗu sai firiji.

Masu cewa wannan baƙon abu ne a Ghana ba su duba tarihi ba. A shekarun 1920 makaɗa suna buga wa manyan gari wals da fokstirot a Accra da Cape Coast da Sekondi, talakawan da ke leƙe daga waje kuma su ne suka laƙaba wa abin suna highlife, tun kafin E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos su yaɗa kiɗan a Afirka ta Yamma cikin shekarun 1950. Abin da nake ɗauka da muhimmanci shi ne maganar addini da kunya, domin ba zan kai matata aji wani ƙato ya riƙe ta ba, ni ma ba zan riƙe matar wani ba. Don haka ga ɗan zango, wato mazaunin unguwar Hausawa a Ghana, mai iyali, bidiyo da ƙofa a rufe sun fi dacewa duk da gazawarsu, kuma ai ba gasar Blackpool ta Ingila, wadda aka fara tun 1920, muke shirin zuwa ba.

Daren Larabar da ta wuce dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya same mu a tsakiyar darasi, cajin wayar ma ya ƙare. Uwargida ta ce mu ci gaba, ita za ta riƙa ƙirgawa da baki. Da yake babu hasken da zan kalli ƙafata, dole na miƙe tsaye, kuma muka zagaya falon sau uku ban taka ta ba. A na huɗu ne gwiwata ta sami kujera.