Ko Almajiri Ana Ce Masa Allah Ya Ba Da Haƙuri

A garinmu, idan almajiri ya tsaya ƙofar gida da robarsa alhali an riga an kankare tukunya, matar gida ba ta yin gum ta bar shi yana ta rera bara. Daga cikin ɗaki za ta ɗaga murya ta ce, "Almajiri, Allah ya ba da haƙuri." Yaro ya ji, ya yi gaba, ya nemi wani gidan tun tuwo bai ƙare a unguwa ba. A kasuwar Gujungu ranar Lahadi, ka taya rago tayin da bai yi wa mai shi ba, ba ya juya maka ƙeya. "Albarka" zai ce, kai ma ka san matsayinka. To ina tambayar masu ɗaukar ma'aikata a ofisoshin Dutse da Kano, ku da kuka yi boko mai zurfi: wannan tarbiyyar da tsohuwar ƙauye da dillalin tumaki suke da ita, ku a ina kuka jefar da taku?

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Taura. Na yi NCE a fannin aikin gona a Gumel, kuma tun da na gama nake yawo da fayil a hammata. A ƙarshen Oktoban 2024, kwanaki kaɗan bayan gobarar tankar mai ta Majiya wadda ta ci mutum fiye da 150, yankinmu duk ana zaman makoki, sai ga kira daga wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin tallafa wa manoma. Wai na tsallake matakin farko, in zo intabiyu Dutse ranar Talata, ƙarfe takwas na safe. A watan da kowane gida yake karɓar gaisuwa, wannan kiran shi ne labari mai daɗi na farko da ya shigo gidanmu.

Wanda yake zaune a birni yana ganin zuwa intabiyu wanka ne da sa riga. A wajenmu shiri ne na dukan gida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, kuma a wancan watan na Oktoba litar fetur ta haura naira 1,000. Ga kuɗin babur daga ƙauye zuwa bakin titi, ga mota daga Gujungu ta Jahun da Kiyawa har Dutse, ga fotokwafin takardu kashi uku kamar yadda suka ce, ga hoton fasfo, ga abin da za a ci. Takalmina ya riga ya buɗe baki, dole a sayi wani. Inna ce ta kwance 'yar akuyarta, wadda take tanadi don haihuwar ƙanwata, aka kai ta kasuwa ranar Lahadi aka sayar naira 38,000. Da na ce ta bari, sai ta ce, "Kai dai je ka, Allah ya sa a dace. In ka fara ɗaukar albashi ka saya min biyu."

Tun ranar Litinin na tafi, don babu motar da za ta kai ni ƙarfe takwas daga garinmu. Na kwana a ɗakin wani ɗan garinmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Bakwai da rabi ina ƙofar ofishin. Mu 38 ne, na ƙirga da kaina a takardar da aka ba mu muka rubuta suna da lambar waya. Ku lura da wannan: mun rubuta lambar waya. Akwai wanda ya taso daga Maigatari, akwai na Gwaram, akwai wata baiwar Allah daga Birniwa da goyon jariri a baya, ƙanenta ya rako ta. Aka bar mu a gindin darbejiya har bayan azahar, ba kujera, ba ruwan sha. Wannan ma na yafe. Da layi ya zo kaina na shiga, mutum uku a bayan tebur, lemo da ruwan roba jere a gabansu. Suka tambaye ni tazarar shukar gero, yadda ake gane tsutsar da ke cin masara, da yadda zan shawo kan dattijon da ya ƙi sabon iri. Abin da na tashi a cikinsa ne, na amsa iya sanina. Babbansu ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Nan da mako biyu za ka ji daga gare mu, ko an ɗauke ka ko ba a ɗauke ka ba."

Da bakinsa ya faɗa, ban roƙe shi ba. Alkawari kuwa kaya ne.

Bari in gaya muku yadda jira yake a ƙauye, don na tabbata ba ku sani ba. Garinmu babu wutar lantarki. Caji naira 100 ne wajen mai sola, kuma na daina barin wayar ta kwana a can, sai in zauna a kan benci in tsare ta har ta cika, kada a kira ba na kusa. Sabis ba ya shiga ɗakina, sai na fita bayan makarantar firamare, wajen tudu. Safe da yamma ina can tsaye ina duba saƙo. Baƙuwar lamba ta kira, gabana ya faɗi, in ɗauka hannu na rawa, ashe ɓatan lamba ne. In ina gona waya tana aljihun gaba, in ina masallaci hankalina rabi yana kanta, Allah ya yafe min. Kullum bayan isha'i Inna za ta miƙo min tuwo ta ce, "Sun kira?" In ce tukuna. Da aka shiga mako na biyar sai ta daina tambaya, ta koma kallon fuskata kawai idan na shigo. Wannan ya fi tambayar ciwo.

Ga kuma mutanen gari. A ƙauye ba a ɓoye tafiya. Kowa ya san an sayar da akuya, kowa ya san na je Dutse. A majalisa har an fara ce min ma'aikaci. Wani ya zo da takardun ɗansa wai in na shiga in tuna da shi. Me zan ce musu? An ɗauke ni? Ban sani ba. Ba a ɗauke ni ba? Shi ma ban sani ba. Mutum da gemunsa ya zama ba shi da amsar da zai bayar game da rayuwarsa.

Amma babbar asarar ba wannan ba ce. Kawuna yana da fadama a gefen kogin Haɗeja, yana noman rani. Da aka shiga Nuwamba ya kira ni ya ce, "Ga rabin fili nan, ga injin ban ruwa mu yi tarayya, ka sa alkama. In ka girbe ka biya ni kuɗin mai." Duk manomi ya san alkama ba ta jiran kowa. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, ta sha sanyin hunturu. In ka makara, zafin Maris ya riske ta tana zuba ƙwaya, sai ka girbe ƙaiƙayi. Na ce, "Kawu, a ɗan ƙara min kwana goma. Aikin nan in ya fito, wata ƙaramar hukumar za su tura ni, kada in karɓi fili in bar maka shi a tsakiya." Ya ƙara min goma, ya sake ƙara min bakwai. Daga nan ya ba wani, kuma bai yi laifi ba. Wanda aka ba ya girbe buhunansa ina kallo. Na yi jiran gawon shanu, rani guda cur ya wuce ni saboda kalma ɗaya da wani ya ga ba ta kai ya furta ba.

Na kira lambar da suka kira ni da ita ya fi sau ashirin. Wani lokaci ta yi ta ringin ba a ɗauka, wani lokaci a kashe. Sau ɗaya wata ta ɗauka ta ce, "Ana kan aiki, za a neme ku," ta katse tun ban rufe baki ba. A farkon Janairu na ranci kuɗin mota na koma Dutse. Ban ma wuce ƙofa ba. Maigadi, wani dattijo mai furfura, ya dubi fayil ɗin hannuna ya ce, "Samari, ba kana cikin masu intabiyun nan na kwanaki ba?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya girgiza kai. "Ai an gama tuni. Mutum uku suka ɗauka, tun Nuwamba suka fara aiki. Ba a gaya muku ba?" Da ya ga na kasa magana sai ya jawo min bencinsa, ya zuba min ruwa a kofi, ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya ba ka wanda ya fi shi."

Tun Nuwamba. Wato a ranar da nake roƙon Kawu ya ƙara min kwana goma, waɗanda aka ɗauka suna zaune a ofis. A duk ginin nan mai kwamfutoci da motoci masu tambari a ƙofa, mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi shi ne kaɗai ya san yadda ake sallamar ɗan Adam.

Kada wani ya ce haushin rashin samu ne yake sa ni magana. Gurbi uku, mutum 38, dole 35 su koma gida, ko yaro ya san wannan lissafin. Mai yiwuwa ukun nan sun fi ni, Allah ya sanya musu albarka. Rabon wani ba ya zama na wani. Abin da nake tuhuma shi ne shirun. A lokacin saƙon tes naira 4 ne, sai a 2025 ya koma 6. Mutum 35 sau naira 4, naira 140 ke nan. Bai kai kuɗin kwalbar lemo ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a teburinku ba. Layi biyu sun isa: mun gode da zuwanka, wannan karon ba a dace ba, Allah ya ba da sa'a a gaba. Ko minti goma ba zai ci wa sakatare ba. Za ku ce masu nema sun yi yawa. Ban ce ku bi dubban da suka cika fom a intanet ɗaya bayan ɗaya ba, ko da yake su ma saƙo guda ake turawa ya isa kowa. Ina maganar waɗanda ku da kanku kuka zaɓa, kuka taso su daga garuruwansu, kuka kalli idonsu, kuka yi musu alkawari.

Kuma ku sani, shirunku gona ce da 'yan damfara suke nomawa. Wani da muka yi musayar lamba da shi a gindin darbejiyar nan, a Disamba aka kira shi aka ce sunansa ya fito, amma sai ya tura naira 25,000 na gwajin asibiti kafin a ba shi takarda. Ya sayar da buhun gero ya je wajen mai POS ya tura. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Da kun gaya masa gaskiya tun Nuwamba, wa zai iya yi masa wannan? Haka kuma shirun ne yake sa kowa ya yarda cewa an riga an raba guraben tun kafin a kira mu, cewa sai mai uwa a gindin murhu. Ko da kun yi adalci a zaɓenku, wa zai shaide ku alhali kun ɓuya?

Raina mai neman aiki ba yau aka fara ba a ƙasar nan. Ranar 15 ga Maris 2014 aka tara matasa a filayen wasa don jarabawar shiga aikin shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, aka yi turmutsitsi mutum fiye da goma suka rasu. Wancan kowa ya gani, an yi ta surutu. Irin namu kuwa a ɓoye yake ci, gida gida, akuya yau, buhun gero gobe, ba mai ƙirgawa.

Na san ana iya yin daidai, don an taɓa yi min. Wata ƙaramar makarantar kuɗi a Ringim ta gwada ni koyarwa. Bayan kwana uku shugaban ya kira ni da kansa ya ce, "Malam, mun ɗauki wani, don mai lissafi muka fi buƙata. Darasinka ya yi kyau, sai dai ka riƙa ɗaga murya, 'yan baya ba sa jin ka. Ka yi haƙuri." Na ji zafi a daren, ba zan yi ƙarya ba. Da gari ya waye na ɗauki fartanyata na tafi gona da zuciya ɗaya, kuma har gobe in na gan shi sai na tsaya mun gaisa. Makarantar da ko shinge ba ta gama ba ta iya wannan. Yawancinku kuna sallah, kuna jin tafsiri da azumi. A Suratul Isra'i, aya ta 28, Allah ya ce idan ka kau da kai daga masu buƙata don ba ka da abin ba su, to ka faɗa musu magana mai sauƙi. Magana aka ce a faɗa, ba a ce a kashe waya ba.

Ranar da na baro Dutse, a cikin mota na tuna akwai lambobi shida da na karɓa a wajen intabiyun. Da muka tsaya Jahun na sayi kati na naira 500 daga ragowar kuɗin da na ranta, na fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Huɗu daga ciki ba su sani ba, har ranar suna jira. Ta ƙarshe ita ce mai goyon nan ta Birniwa. Ƙanenta ya ɗauka ya kai mata. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da maigadi ya faɗa min. Ta ce, "Ashe an gama?" Na ce an gama tun Nuwamba. Ta yi shiru, ina jin kukan jaririn a kusa da ita. Can ta ce wata makarantar Islamiyya a garinsu ta neme ta koyarwa a Disamba, ta ce su dakata tukuna, tana jiran kira daga Dutse.