Bashin Ɗan Shekara 55 Ya Fi Na Ɗan Shekara 25 Haɗari

Duk lokacin da aka tayar da zancen bashi a rediyo ko a Facebook, a kan matasa ake sauke shi. Su ne masu latsa waya su ci bashin manhaja, su ne ake tura wa 'yan uwansu da surukansu saƙon cin mutunci idan ranar biya ta wuce. Abin ya yi muni har sai da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rancen waya a Legas a 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mai karɓar rance. Duk da haka, ni a ganina hayaniya ce ta ɗauke mana hankali. Bashin da ya fi rusa gidaje a Arewa shi ne na magidancin da ya ba hamsin baya, wanda ba ya kuka kowa ya ji.

Dalilina lissafi ne kawai. Abin da ke biyan bashi shi ne shekarun nema da suka rage wa mutum a gaba. Saurayin da ya ci dubu 30 a manhaja zai sha kunya, za a kira shi ɓarawo a wayar kawunsa, amma idan Allah Ya ba shi rai da lafiya yana da shekara talatin ko fiye na aiki. Maganinsa ba shi da tsawo: kada ya ci na biyu don ya biya na farko, kuma ya gaya wa babba a gida da bakinsa kafin kamfanin ya riga shi. Ɗalibin da ya karɓi rancen karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, wanda aka fara bayarwa a 2024, ya samu mai sauƙi, tunda babu ruwa a ciki kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a fara cirar kashi 10 cikin ɗari na albashinsa. Sai dai ya sani rance ne. Mun ga yadda wasu suka ɗauki rancen noma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 a matsayin rabonsu na gwamnati. Tun watan Agustan 2020 kuwa Babban Banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN su ciri kuɗinsu daga duk asusun da mai bashi yake da shi a wani bankin. Sauya banki ya daina ɓoye mutum.

To, mu dawo kan magidanci. Ɗauki ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 55. Doka ta ce zai ajiye aiki idan ya cika 60 ko ya yi shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wato shekara biyar suka rage masa, ko ƙasa da haka. A daidai wannan lokacin ne 'yarsa ta fari take samun miji. Sai lissafi ya tashi: gado da katifa, kujeru, labule, kafet, kayan kicin, firiji, ga gara na jira bayan an kai amarya. Sai ya nufi banki ko asusun ƙungiyar ma'aikata. A ce albashinsa dubu 120 ne, aka yanke masa dubu 45 duk wata har shekara uku. Ranar da saƙon albashi ya shigo waya, kafin ya gama karantawa ya san dubu 75 ɗin da suka rage ba nasa ba ne. Mai shagon unguwa ya buɗe littafinsa yana jira, mai kemis yana jira, makarantar ƙananan yara ta aiko takarda. Kafin ranar goma ga wata ya koma wurin mai shago a rubuta masa kwanon shinkafa. Bai kai rabin biya ba sai ƙanwar amaryar ta fito da nata mijin, banki kuma da murmushi zai ƙara masa wani a kan na da.

Kuma a wane yanayi? A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba mutane, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na shekarar. Wanda ya ci bashin ruwa a irin wannan lokaci don sayen kujerun da ba za su kawo ko sisi ba, ya sayar da albashin shekarunsa na ƙarshe da araha. Ban ma taɓo maganar haramcin riba ba, wadda malamai ba su gaji da faɗa ba, kuma kowa ya sani.

Na san abin da uwar yarinya za ta ce, kuma ba zan raina maganarta ba: “Malam, so kake a kai mini 'ya ɗaki fayau, dangin miji su mai da mu abin dariya?” Gorin nan da gaske ake yin sa, kuma yarinyar ce ke haɗiye shi shekara da shekaru, musamman idan akwai abokiyar zama. Nauyin ya kai gwamnatin Kano da kanta ta sayi kayan ɗaki lokacin da ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023. Amma shari'a ba ta ɗora wa uba cin bashi don ya cika ɗakin 'yarsa ba, mu muka ɗora wa kanmu. Iyayenmu mata kuwa sun fi mu dabara. Tun yarinya tana firamare ake zuba adashi, a sayi kwano yau, a sayi tasa gobe, a tura ƙarƙashin gado. Yau an bar abin sai an sa rana, sannan a nemi haɗa kayan shekara goma cikin wata biyu. (Adashin ma, wadda ta yi kwasar farko ta tuna bashi ta ci, don sauran zubin yana wuyanta.)

Dole in ware wani rukuni a nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, akwai magidanta da yawa da bashinsu na hatsi ne da maganin asibiti. Waɗannan ba wa'azin tattali suke buƙata ba. Alƙur'ani ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, kuma ya sanya waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka. Ina ma hukumomin zakka na jihohinmu da attajiran da ke raba dubu biyar-biyar a ƙofar gida cikin azumi za su ware kaso su je shagon unguwa da kemis su goge wa mutane littafi. Ya fi layin rabo rufin asiri nesa ba kusa ba.

Shi kuwa magidancin da ya riga ya shiga bashi, ya fara da abin da ya fi masa ɗaci, wato ya zauna ya rubuta duk wanda ke binsa a takarda ɗaya, har da mai shago da abokin da ya ce “ba komai, sai ka samu.” Ya nuna wa matarsa. Mata da yawa ba sa sanin gidan da suke ciki yana jingine sai ranar da aka zo da takarda. Sannan ya fara kashe mai ruwa, don shi ne ke girma yana barci. Waɗanda ba zai iya biya yanzu ba, ya taka ya same su tun kafin su zo, ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata, ya kuma cika. Mai bin bashi ya fi jin zafin kashe waya fiye da jinkiri. Idan akwai fili ko mota ta biyu, gara a sayar yau da daraja da a sayar gobe a gaban alƙali. Kuma kada ya sa hannu a kan rancen da wa'adinsa ya zarce ranar ritayarsa, ko da wane ne ya zo neman auren.

Na faɗi haka ne saboda da yawa suna cin bashi da sunan kuɗin sallama. A tsarin fansho na adashin gata da aka kawo a 2004, ba a ba mutum duk abin da ya tara a dunƙule, wani kaso ake ba shi, saura a riƙa tsakuro masa wata-wata. A jihohin da ke kan tsohon tsari kuwa, kowa ya san tsofaffin da suka yi shekaru suna zarya a kan garatuti. Manomi ma haka yake, idan ƙarfi ya ƙare sai a jinginar da gona, wadda ita ce kaɗai abin da zai bar wa 'ya'ya.

Daga nan sai maganar ta koma hannun magada. Kafin a ta da kabbara a wurin jana'iza, wani daga dangi zai ɗaga murya: duk wanda ke bin mamaci bashi ya samu wane. Daidai ne, don Suratun Nisa'i ta sa biyan bashi gaban rabon gado, kuma hadisi ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Amma me ke biyo baya? Mutum zai zo bayan sadakar uku ya ce yana bin dubu 400, babu takarda, babu shaida, wanda zai ce e ko a'a yana ƙasa. Marayu ba su da zaɓi, ko su biya abin da ba su tabbatar ba, ko su kwana da fargabar sun bar mahaifinsu a rataye. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuma muna ganin neman takarda tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne.

Tsoho ba zai kira 'ya'yansa ya ce ana binsa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Babban ɗa ko babbar 'ya ce za ta nemi lokacin da babu kowa a zaure ta ce, “Baba, akwai wanda ke binmu ne, mu fara ragewa?” Wataƙila ya yi faɗa a karon farko. A sake tambaya bayan sallah, a zo da biro da takarda, a rubuta har da waɗanda shi ma yake bi.