Disamba a Jamus: a daina kulle kai a ɗaki

Duk shekara da zarar Nuwamba ta kusa ƙarewa sai in ga 'yan uwanmu mazauna Jamus sun rabu gida biyu. Akwai masu cika Facebook da hotuna a gindin bishiyar Kirsimeti, akwai kuma masu cewa wannan harka ba tamu ba ce, su ja bargo sai Janairu. A ganina masu jan bargon ne suka fi cutuwa, kuma abin da ke cutar da su duhu ne.

Wanda bai taɓa yin hunturu a nan ba, da wuya ya gane. A Balin, tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke cunkushewa. Dusar ƙanƙarar da ake gani a hoto ma ba kullum take sauka ba, yawanci yayyafi ne da iska mai ratsa ƙashi. Mutum ya fita aiki cikin duhu, ya dawo cikin duhu, ba wanda ya ce masa sannu. A haka ƙunci ke kama mutane ba su sani ba.

Su Jamusawa tun kaka da kakanni suka nemo wa kansu magani. Ranar 11 ga Nuwamba yara ke zagaya unguwa da fitilun takarda suna waƙa, don tunawa da Waliyyi Martin. Lahadi huɗu kafin Kirsimeti ake fara kunna kyandir a kan wani kewayayyen ganye, kowace Lahadi a ƙara ɗaya har su cika huɗu. Daren 5 ga Disamba yara kan goge takalmansu su ajiye a bakin ƙofa, da safe su tarar da alewa da lemon zaƙi a ciki. Tushen abin na addininsu ne, babu musu, amma da yawa daga masu yin sa yau ba sa ko leƙa coci.

Sai kasuwar Kirsimeti. Ta birnin Dresden tun 1434 take ci, ta Nuremberg kuma sunanta ya zaga duniya, amma ni ta ƙaramin gari ta fi kwanta mini, inda ba turmutsutsun masu yawon buɗe ido. Rumfunan katako ne jere, ƙamshin kirfa da almon da ake toyawa da sukari ya cika wuri, mai rumfa na juya shi a tukunyar jan ƙarfe ya zuba maka a takarda da zafinsa. Eh, giya mai zafi ce abin shan da ya fi tashe, kuma yawancin tsiran da ake gasawa na alade ne, don haka a tambaya kafin a saya. Amma kusan duk rumfar da ke sayar da giyar tana da Kinderpunsch, ruwan 'ya'yan itace mai zafi da ba barasa a ciki. Za a karɓi 'yan Yuro jinginar kofi, in ka mayar a ba ka kuɗinka. A tsaye ake sha, kowa ya rungume kofinsa da hannu biyu, kuma a nan ne abokin aikin da ya shekara yana ba ka gaisuwar kai kawai zai buɗe baki ya tambaye ka iyali. Ni ban ga abin da wannan ya rage wa mutum a imaninsa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar 24 ga Disamba. Wajen ƙarfe 2 na rana kantuna sun rufe, yawancin kasuwannin an kwashe rumfuna, 25 da 26 kuma hutu ne. Biki ya koma cikin gida, na iyali zalla, a daren ake raba kyaututtuka, gidaje da yawa ma abin da suke ci bai wuce haɗin dankali da tsire ba. Titi sai ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Sabon zuwa da bai yi cefane ba, sai dai ya nufi shagon tashar jirgin ƙasa ko gidan mai. Shawarata ga ɗalibai musamman: ku gama sayayya kafin 23, ku haɗu a ɗakin ɗayanku ku yi girki. In kuwa maƙwabci ya gayyace ka gidansa a waɗannan kwanaki, ka sani ba ƙaramin karamci ya yi maka ba. Ka gaya masa abin da ba ka ci tun da wuri, ka riƙe ɗan cakulan ko fure, kuma kada ka makara.

Daren sabuwar shekara ne kaɗai nake bin sahun masu bargo. Kwana uku kacal doka ta yarda a sayar da kayan wasan wuta, mutane kuwa sai su saya kamar ba gobe. Daga sha biyun dare hayaƙi ya turnuƙe unguwa, motocin asibiti na ta jiniya, washegari titi duk tarkace da fasassun kwalabe. Wannan kam daga taga nake kallonsa.