Kafin ka sayar da babur ɗinka ka zuba kuɗin a kiwon aku

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Kwanan nan maganar kiwon aku ta yi yawa a Facebook da TikTok. Za ka ga saurayi ya ɗora tsuntsu a kafaɗa, tsuntsun yana sallama yana kiran sunan maigida, sai a ambaci farashinsa. Nan take mai kallo ya hau lissafi: idan ɗaya ya kai haka, goma fa? Daga nan sai tunanin sayar da babur ko ajiye aikin shago ya shigo. Ni mai son tsuntsaye ne, kuma ba na ƙin kowa ya nemi halalinsa da su. Amma ina roƙonku don Allah, kada wanda ya ɗora cin gidansa a kan kiwon aku tun daga ranar farko.

Yawancinmu da lissafin kaji muke shiga harkar. Kazar nama sati 6 zuwa 8 ta isa yanka, mai ƙwai kuma wajen wata 5 ta fara yi. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda shi ne kowa ke hanƙoro, ba ya balaga sai ya shekara 3 zuwa 5, wasu ma sukan wuce haka kafin a ga ƙwan farko. Macen tana yin ƙwai 2 zuwa 4, ta kwanta a kansu kusan kwana 30, 'ya'yan kuma su yi wajen sati 12 kafin su bar sheƙa. Hakan sau ɗaya ne ko biyu a shekara, in an dace. Cikin ƙwan wani ba zai ƙyanƙyashe ba, cikin 'ya'yan wani zai mutu. Duk waɗannan shekarun kana ciyarwa kullum, ba abin da ke shigowa, ga kuɗin haya da na makarantar yara ba sa jiran kowa.

Kafin ma a kai ga ƙwai akwai wata matsalar. Namijin aku da macensa kamarsu ɗaya, ido ba ya rabe su da tabbas, sai an aika gashi ko ɗigon jini an yi gwajin DNA. Mutum nawa ne suka ciyar da maza biyu shekara da shekaru suna jiran ƙwai? Ko an samu namiji da mace, aku yana da zaɓi. Idan jininsu bai haɗu ba, za su zauna a keji ɗaya kowa a kusurwarsa, wani lokacin har su raunata juna. Shi kuma akun falo da ya tashi a hannun mutane, mai surutun nan da ke burge baƙi, sau da yawa shi ne ya fi wuyar haɗawa da mace, domin ya fi sabawa da mutum fiye da jinsinsa. Masu haihuwa suna son wuri mai natsuwa, keji mai faɗi da akwatin katako mai duhu a madadin kogon bishiya. Gidan haya mai yara da hayaniyar janareta bai dace da su ba.

Mai saye kuwa ɗan aku mai saba hannu yake so, wannan kuma yana nufin kai za ka zama uwarsa. A kwanakin farko kusan duk bayan awa 2 ake ba shi abinci da sirinji, dare da rana, a kuma ajiye shi cikin akwatin ɗumi da zafinsa ya kai wajen digiri 35. Ka tuna halin wutar lantarkinmu. Dare ɗaya na hunturu da wuta ta ɗauke ya isa ya kashe abin da ka shekara kana jira. Abincin ya yi zafi, ya ƙona masa maƙoshi. Ka yi gaggawar turawa, ya sarƙe ya mutu a tafin hannunka. Ba za ka yi tafiyar biki ko ta'aziyya ta kwana biyu ba sai ka samu wanda ya iya aikin kamar kai.

Aku tsuntsun kurmi ne. Gidansa dazukan Kuros Riba da Neja Delta da Kamaru da Kwango, inda yake cin kwakwar manja da 'ya'yan itatuwa cikin danshi. Mu a Arewa muna ba shi gyaɗa da gero kawai, mu ce mun ciyar. Gyaɗar da ta yi funfuna da damina tana sa masa cutar huhu, ƙarancin sinadarin ƙashi yana sa shi farfaɗiya kuma ƙwai ya maƙale wa mace. Fiya guba ce a gare shi, hayaƙin maganin sauro ma yana iya kashe shi. Akwai cutar da ke zubar da gashi ta lalata baki, wadda har yau ba ta da magani, kuma baƙon tsuntsu ɗaya da ka shigo da shi ba tare da ka killace shi ba zai iya yaɗa ta ga duka. Akwai kuma wata da mutum ke ɗauka daga busasshen kashin tsuntsu, ta zo masa da zazzaɓi da tari. Likitocin dabbobinmu sun fi gogewa a kan shanu da awaki da kaji, don haka tun kafin ka saya ka nemi wanda ya san tsuntsayen ado.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Tunda haifar da aku a keji yana da wuya haka, daga ina tsuntsayen da suka cika kasuwa suke fitowa? Da yawa daga daji aka kamo su. Ana shafa danƙo a rassan bishiya, ana hawa a kwashe 'ya'ya daga kogo, a cusa su a kwali a bi dogon titi da su, wasu su mutu kafin a iso. Wannan kamun da saran daji sun yi wa aku mummunar illa. Binciken da aka yi a Gana ya nuna yawansa ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 tun daga 1992. A 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka sa shi a sahun farko na halittun da ke fuskantar ƙarewa, kuma daga Janairun 2017 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda aka haifa a keji ma ba a fitar da shi don kasuwanci sai gidan kiwon yana da rajista. Najeriya tana cikin yarjejeniyar, ta kuma kafa tata dokar a 1985 aka yi mata gyara a 2016, Kwastam da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, suna kamawa. A 2025 Kwastam ta tare tsuntsaye fiye da 1,600 a filin jirgin saman Legas ana shirin kai su Kuwait. Wanda ya ce maka zai haɗa ka da masu saye a ƙasashen Larabawa ba takarda, hanyar kurkuku yake nuna maka.

Ko babu doka, akwai Allah. Ya zo a hadisi cewa sahabbai suna cikin tafiya suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ajiye tsuntsu ya halatta matuƙar za ka ba shi haƙƙinsa, amma kuɗin da kake biya a kan ɗan akun da aka raba da sheƙarsa shi ne ke mayar da mai kamun cikin daji gobe.

Kasuwar cikin gida ma ba ta da faɗin da kuke zato. Aku kayan marmari ne, sai mai hali, kuma yakan rayu shekara 40 zuwa 60. Wanda ya saya sau ɗaya da wuya ka sake ganinsa.

Idan har zuciyarka tana wajen tsuntsaye, ka riƙe aikinka ka fara da ƙanana da aka daɗe ana haifarwa a keji. Ɗan ƙaramin nan na Ostareliya da ake kira baji yana yin ƙwai 4 zuwa 6, ya ƙyanƙyashe a kwana 18, kafin shekara 'ya'yan su ma sun isa haihuwa. Akwai kanari, akwai tattabarun ado da muka gada muka san kansu. Kuɗin shiga kaɗan ne, asara in ta zo ba ta karya mutum, kuma a nan za ka koyi tsabtar keji da killace baƙon tsuntsu wata guda da gane mara lafiya tun kafin ya kwanta. Ka buɗe littafi ka rubuta komai: abinci, magani, waya, mai, wanda ya mutu, wanda aka sayar. Ka sa har da ladan lokacinka. Bayan shekara biyu littafin zai gaya maka gaskiyar da bidiyo ba ya faɗa. Za ka kuma lura cewa masu ƙera keji da masu sayar da abinci da magani sun fi mai kiwon samun ciniki a kai a kai, domin tsuntsu kullum sai ya ci. Wanda ya iya walda ko kafinta yana da ƙofar shiga harkar ba tare da ya sayi aku ko ɗaya ba.

In kuma ka kai matsayin da za ka sayi aku mai ruwan toka, ka duba ƙafarsa. Masu kiwon gaskiya suna zura wa ɗan tsuntsu rufaffen zobe mai lamba tun yana sati 2 zuwa 3, wanda ba ya shiga ƙafar babba. Ka nemi a kai ka ka ga iyayensa da akwatin da aka haife shi, ka nemi takardar gwajin jinsi da ta izinin hukuma. Mai sayarwa ya fara kame-kame, ka mayar da kuɗinka aljihu ka yi masa sallama.