Fitilun sama da binciken sojoji: an ba kura ajiyar nama

Tun da aka nuna bidiyon nan a majalisar wakilan Amurka ranar 9 ga Satumban 2025, wanda wai jirgi mara matuƙi ya harba makami mai linzami kan wani dunƙulen haske a gabar tekun Yemen amma abin ya ci gaba da tafiyarsa, wayata ba ta huta ba. Wannan ya turo, wancan ya turo, kowa da irin bayanin da ya manna masa. Wani ya ce sojojin Amurka da bakinsu sun amsa cewa akwai halittun wata duniya, wani ya ce a'a aljanu ne, wani kuma har ya fara lissafin alamomin tashin ƙiyama. Ni duk wannan bai ɓata min rai ba, mutum ya ga abin mamaki dole ya yi magana. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne kalmar nan da kowa ke rufe zancensa da ita, wai ai sojoji suna bincike, mu jira sakamako. Wane sakamako? Shekara sama da 70 ke nan ana jiransa fa.

Bari mu fara da bidiyon kansa tunda shi ya jawo maganar. Hoto ne dishi-dishi, baƙi da fari, na irin kyamarar da ke ganin zafi, ɗan majalisa Eric Burlison ya ce kawo masa aka yi, kuma babu wanda ya faɗa mana girman abin ko nisansa ko ƙarfin iskar da ake yi ranar. Kyamarar kuma a jikin jirgi take, jirgin yana gudu. Duk wanda ya taɓa zama gefen taga a mota daga Kano zuwa Zariya ya san yadda itatuwan bakin titi ke tsere da baya alhali ko motsi ba su yi ba, to haka abin da ke lilo a iska zai iya zama kamar walƙiya idan mai ɗaukarsa ne ke gudun. Irin wannan bayanin ofishin Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, da ke binciken waɗannan abubuwa ya bayar game da wani tsohon bidiyon sojin ruwa da aka sha yi wa kururuwa shekara da shekaru, amma wa ya yaɗa bayanin? Babu. Bayani ba ya tafiya a WhatsApp, tsoro ne ke tafiya.

Maganata ɗaya ce, kuma na daɗe ina yinta: soja shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a ba binciken fitilar da aka gani a sama, don sau da yawa fitilar tasa ce. An ba kura ajiyar nama, sannan an zauna ana jiran ta kawo rahoton inda naman ya shiga.

Kar wani ya ce shaci-faɗi nake yi. Rundunar sojin saman Amurka ta yi wani shiri na binciken abubuwan da ake gani a sama mai suna Blue Book daga 1952 zuwa 1969, hedikwatarsa a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio, an tara rahotanni 12,618, aka rufe shi da 701 da aka ce ba a gane su ba. To a waɗannan shekarun ne CIA ke gwada jirgin leƙen asirinta U-2, wanda ke tashi sama da ƙafa 60,000 lokacin da jiragen fasinja ba su kai ko rabin haka ba. Na farko-farkon kalar azurfa ne da su. Rana ta faɗi a ƙasa, duhu ya shiga, amma can inda U-2 yake rana ba ta faɗi ba tukuna, sai matuƙin jirgin fasinja ya ɗaga kai ya ga abu yana ci kamar wuta a inda ya san babu jirgin da ke iya kaiwa, bawan Allah ya sauka ya rubuta rahoto da zuciya ɗaya. Masu binciken Blue Book su ɗaga waya su tambayi masu U-2, a duba littafin tashin jirage a ga ashe nasu ne, sannan a juyo a ce wa mutumin nan ai ƙanƙarar sama ka gani, ko yanayin iska ne. A 1997 masanin tarihin CIA ɗin kanta, Gerald Haines, ya rubuta cewa fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 jiragen leƙen asirin ne. Wato mai binciken ya san amsa tun kafin ya buɗe fayil, aikinsa shi ne ya samo ƙaryar da za ta shiga kunne.

Haka Roswell, wani gari a jihar New Mexico ta Amurka. Abu ya faɗo a 1947, sojoji suka fara cewa faifai ne mai tashi, nan da nan kuma suka janye suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne, sai a 1994 suka ce to gaskiya balan-balan ɗin wani shirin sirri ne na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Soviet. Shekara 47! A tsakanin nan an haifi mutane, sun girma, sun yi jikoki a kan labarin gawarwakin halittu masu manyan kawuna. Kuma a 2025 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa wani kanar na sojin sama da hannunsa ya kai hotunan bogi na faifai masu tashi wata mashaya kusa da sansanin sirrin nan na Area 51 da ke jihar Nevada a shekarun 1980, don hankalin mutanen yankin ya bar kan jiragen yaƙin da ake gwadawa a ɓoye. Sai ka faɗa min, wanda ya shuka tatsuniyar shi ne zai tone ta?

Wanda ya fi ba ni dariya da takaici a haɗe shi ne na Phoenix a jihar Arizona, daren 13 ga Maris 1997. Dubban mutane suka ga fitilu, aka yi ta kiran 'yan sanda da gidajen rediyo. Jerin fitilun da aka ɗauka a bidiyo wajen ƙarfe goma na dare, waɗanda suka tsaya cak a sama suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wutar haska fili ce da jiragen A-10 suka saki a filin atisaye na Barry Goldwater, irin wadda ke saukowa a hankali da 'yar laima, tana ɓacewa ne idan ta sauka bayan tsauni. Magana ce da za a iya gamawa da safe da sanarwar layi uku. Amma sai da aka shafe watanni kafin a fito a ce namu ne. A tsakani kuma gwamnan jihar, Fife Symington, ya kira 'yan jarida ya ce an kama mai laifi, aka shigo da hadiminsa sanye da kayan dodo ana ta ƙyaƙyata dariya. Bayan shekara 10 shi wannan gwamnan ya dawo yana cewa ai shi ma ya ga abin da idonsa kuma bai yi kama da na duniyar nan ba. Ka ji fa. Mutanen da aka yi wa dariya ranar nan har gobe ba su yarda da zancen wutar atisaye ba, kuma ni ban ga laifinsu sosai ba, wanda ka raina wa hankali sau ɗaya ko gaskiya ka kawo masa gobe sai ya juya ta ya duba ƙasanta.

Masu cewa gwamnati na ɓoye jiragen wata duniya a wani sito kuwa, babban gwaninsu David Grusch, tsohon jami'in leƙen asirin sojin saman Amurka, ya zauna gaban majalisa a Yulin 2023 ya yi rantsuwa, da aka matsa sai ga shi duk an ce ne da an faɗa min, ko ƙusa ɗaya bai ajiye a kan tebur ba, don haka mu wuce.

Akwai kuma wani abu da mutanenmu ke kasa rabewa, kuma nan ne masu neman mabiya a Facebook da TikTok ke cin kasuwarsu. Idan soja ya ce "ba mu gane ba", ma'anarsa hoton bai fito ba, ko rada ɗaya ce ta kama, ko babu wanda ya rubuta lokaci daidai. Shi ke nan. Rahoton hukumomin leƙen asirin Amurka na Yunin 2021 ya duba abubuwa 144 ya iya bayanin ɗaya tak, balan-balan da ke sacewa, sai duniya ta ɗauka wai saura 143 baƙi ne daga sama, alhali rahoton cewa ya yi bayanan da ke hannu ba su isa a yanke hukunci ba. Ofishin nan na Pentagon, AARO, da aka kafa a 2022 ya karɓi sababbin rahotanni 757 a rahotonsa na ƙarshen 2024, waɗanda ya warware duk balan-balan ne da tsuntsaye da jirage marasa matuƙa da taurarin ɗan'adam, 21 ya ce suna buƙatar ƙarin nazari. Likita ya ce bai gano ciwonka ba tukuna, sai ka fito kana shelar an tabbatar maka da sammu?

Kuma kakin soja ba ya ƙara wa ido gani. A Disambar 1980 sojojin Amurka da ke wani sansani a Ingila suka shiga dajin Rendlesham cikin dare suna bin wani haske mai walƙiya, har mataimakin kwamandansu Charles Halt ya rubuta takarda a kai, alhali ta wannan ɓangaren akwai hasumiyar Orford Ness mai haska wa jiragen ruwa hanya tana juya fitilarta kamar kullum. A Beljiyam a ƙarshen Maris 1990 har jiragen yaƙi F-16 biyu aka tayar su bi fitilu, matuƙan ba su ga komai da ido ba, shahararren hoton abin mai kusurwa uku da aka yi shekara 20 ana bugawa a mujallu kuwa, a 2011 wanda ya ɗauka ya fito ya ce da soson roba ya haɗa shi ya yi masa fenti ya rataye.

Ni kaina na taɓa shiga irin wannan. Wani dare da zafi ya kore mu waje, babu wuta, unguwa tsit sai ƙarar janareta ɗaya can nesa, muna kan tabarma a ƙofar gida sai wani yaro ya ƙwalla ihu yana nuna sama. Fitilu ne a jere kamar carbi, sun fi ashirin, suna tafiya a layi ɗaya babu ƙara babu ƙyaftawa. Wallahi gabana ya faɗi. Maƙwabcinmu dattijo ya miƙe tsaye yana salati, wata mata ta janye 'ya'yanta cikin gida ta rufo ƙofa, cikin minti kaɗan abin ya ɓace. Da safe ɗan maƙwabcin nan namu da ke karatu a jami'a ya nuna mana a wayarsa, taurarin ɗan'adam na Starlink ne da aka harba kwanan nan ba su gama rarrabuwa ba, har da lokacin da za su sake wucewa. Muka fito muka jira, suka zo kuwa a kan lokaci. Dattijon ya kalle su har suka shige sannan ya ce, to Allah Ya kyauta, ya shiga gida. Da a ce soja muka kai wa ƙara da yanzu fayil ɗinmu na cikin waɗanda ba a gane ba.

Irin wannan ne ya faru a jihar New Jersey ta Amurka a ƙarshen 2024, sai dai su nasu da kuɗi da talabijin. An fara da rahoton jirage marasa matuƙa kusa da sansanin soja na Picatinny, kafin ka ce kwabo kowa ya fito tsakar gida yana ɗaukar sama, FBI ta samu kira sama da 5,000, waɗanda suka cancanci a bi kusan 100. Wani ɗan majalisa ya ce daga wani jirgin ruwan Iran suke tasowa, Pentagon ta ce babu wannan jirgin. Tsohon gwamnan Maryland Larry Hogan ya saka bidiyon abin da ya ce jirage ne a saman gidansa, masana taurari suka ce ranka ya daɗe wasunsu ainihin taurari ne na rukunin Orion. Mutanen da fitilun birni suka raba da kallon sama, ranar da suka ɗaga kai ko Zara matar wata suka gani sai su kira 'yan sanda. Hukumomi kuma suka yi makonni suna cewa babu barazana amma ba mu san ko mene ne ba, maganar da ko yaro ya san ba ta haɗu ba, sai a Janairun 2025 fadar White House ta ce ai yawancinsu da izinin hukumar jiragen sama suke tashi. To me ya hana a faɗa tun farko?

Masu cewa duk shirme ne a daina binciken ma gaba ɗaya, su ma ba su yi tunani ba, don a Disambar 2023 jirage marasa matuƙa sun yi kwana 17 suna shawagi a kan sansanin Langley na Virginia inda ake ajiye jiragen yaƙi F-22, kuma wannan ba aljani ba ne, wani ne riƙe da rimot. Nan ne ma zancen halittun wata duniya ke yi wa manyan hafsoshi rana. Ya fi sauƙi a bar jama'a suna musun baƙi daga sama a kan a tsaya gaban majalisa a amsa cewa rundunar da ke cin sama da dala biliyan 800 a shekara ta kasa sanin mai ɗan jirgin da ke leƙa mata gida.

Abin yi ba wani mai wahala ba ne. A cire binciken daga hannun masu kaki a ba farar hula, masana taurari da yanayi da jiragen sama, kamar yadda Faransa ta yi tun 1977 a ƙarƙashin hukumarta ta sararin samaniya, har tana zuba fayilolin a intanet kowa ya duba. Soja a tambaye shi abu ɗaya kawai, naka ne ko ba naka ba ne, ya amsa cikin kwana biyu.

Don idan aka bar su da abin, mun ga yadda suke yi. Bayan sojojin Amurka sun harbo balan-balan ɗin China ranar 4 ga Fabrairun 2023, kunya ta sa suka buɗe rada suka shiga harbin duk abin da ya gitta, cikin kwana uku suka kakkaɓo abubuwa uku, a Alaska da Yukon ta Kanada da tafkin Huron, kowane makami kusan dala 400,000, a tafkin Huron ma na farkon kuskurewa ya yi sai da aka ƙara na biyu. Bayan 'yan kwanaki shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya fito ya ce da alama balan-balan ne na kamfanoni ko masu bincike ko masu wasa, sannan aka sanar da dakatar da neman tarkacen.