Wai Ni Ne Ban Iya Tuƙi Ba

Jiya na tabbatar a garin nan mai mota ba shi da gata. Makonni uku da suka wuce na kai Honda Accord ɗina ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD, wani gareji a Farin Gada. Duk asuba in na tayar da ita cikin sanyin Jos, sai inji ya yi kwarakwaram na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya lafa. Ko yaron gareji ya san wannan ƙara. Tenshona ce ta gaji. Da ƙarfin baƙin mai take danne tayimin cen, wato sarƙar da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, in ta saki sai sarƙar ta yi ta dukan gaid, abin da take bi ta kansa, kafin mai ya hau. Makaniken ya ce a canja duka: sarƙa, tenshona, gaid. Na ce to. Na ba shi kuɗi ya tafi Dilimi, inda ake sayar da kayan gyaran mota, da kansa.

Shekaranjiya ina kai yara makaranta, a kan Bauchi Road mota ta yi tari ɗaya ta mutu. Wani makanike ya buɗe murfin gaba. Tsohuwar tenshonata na nan zaune daram, har da tsohon dattinta! Sarƙa ta tsallake haƙora, fistin ya daki bawul, bawul sun lanƙwashe. Sai an sauke kan inji.

Na naɗe tenshonar a leda na koma wurin makaniken Farin Gada. Na same shi kan benci yana cin masa. Na yi sallama, ya amsa da baki cike, ko kallona bai yi ba.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya leƙa ledar kamar na kawo masa mushen ɓera. "Mene ne?"

"Tenshonar da na biya ka ka canja."

Ya tsoma masa a miya, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya ce, "Alhaji, ai na duba ta, da sauranta."

Da sauranta! Madalla da likitan ƙarfe. Na ce to ina kuɗin sabuwar? Ya ce kaya sun tashi, sarƙar kaɗai ta cinye kuɗin. Na ce ina rasit? Ya yi dariya, yaransa suka taya shi. Sai ya suɗe yatsa ya ce, "Motar da ta girmi ɗanka na fari? Baƙin mai ne ba ka canjawa, kuma ƙafarka ta yi nauyi. In ka fi ni sani, ga sifana nan."

Wallahi na tsaya ina kallon sifanar.

Shekara nawa muna haka? A sayar maka da jabu a kwalin asali, a kira gwanjon Beljiyam sabo dal, a ɗura maka baƙin man da ba ka san inda aka dafa shi ba. Wa ke duba kayan da ke shigowa ƙasar nan? Wa ya tantance wanda zai buɗe inji? Ka kai ƙara, kuɗin zirga-zirga ya fi na gyaran. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, dala ta yi sama, ma'aikaci ba ya ko mafarkin sabuwar mota, tsohuwar muke lallaɓawa kamar kaka. Su kuwa manya, jerin gwanon motocinsu ba sa kwana a Farin Gada. Amma a tsayar da kai a hanya kan takardu, nan gwamnati ba ta makara.

Yau a Keke Napep na kai yara, tenshonar na nan cikin leda a aljihuna.